Fari ne ko ofis? Sharhi kan littattafai biyu daga ƙasar Isan

A shekarar 1976 wani ganduroba ɗan ƙasar Tailan mai suna Kampoon Boontawee ya fitar da ƙagaggen labarinsa, Luk Isan, wato Ɗan Isan. Littafin ya karɓu nan da nan. Bayan shekara uku ya zama na farko daga Tailan da ya ci kyautar marubutan kudu maso gabashin Asiya, daga baya kuma aka sa shi cikin littattafan da ɗaliban sakandare ke karantawa. A cikin 1976 ɗin dai, bayan kisan gillar da aka yi wa ɗalibai a Jami'ar Thammasat ranar 6 ga Oktoba, wani marubucin, Khamsing Srinawk, ya bar gonarsa ya shige daji don ya tsira da ransa, sabuwar gwamnati kuma ta haramta rubuce-rubucensa. Sai da ya yi zaman gudun hijira a Suwidin kafin ya dawo gida a 1981.

Mutum biyun nan 'yan yanki ɗaya ne, kuma kusan sa'annin juna: an haifi Kampoon a 1928, Khamsing a 1930. Abin da suka rubuta a kai ma ɗaya ne, wato rayuwar talakawan ƙauyukan arewa maso gabashin Tailan. Tun da na gama karanta su a fassarar Turanci, ta Susan Kepner da ta Domnern Garden, tambaya ɗaya ke ta yi mini yawo a rai: me ya sa hukuma ta ɗauki ɗaya ta goya, ta bi ɗaya da bulala? Amsar da na samu ita ce, dukansu sun nuna yunwa tsirararta, amma sun saɓa a kan wanda za a tuhuma da jawo ta.

Mutanen da aka cire sunansu daga fom

Yawancinmu a jikin buhun shinkafa muka san sunan Tailan, don haka sai na ɗan yi wa mai karatu shimfiɗa. Isan wani faffaɗan tudu ne mai larduna 20, da mutane fiye da miliyan 20, kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'ar ƙasar. Kogin Mekong ya raba shi da ƙasar Laos. Mafi yawan mutanensa harshen Lao suke yi a gida, har ma masu jin harshen a wannan gefen kogin sun ninka jama'ar Laos ɗin gaba ɗaya, waɗanda ba su kai miliyan 8 ba.

Yaƙi na daga cikin abin da ya kawo haka. A 1826 sarkin Biyantiyan, Anouvong, ya yi wa masarautar Siyam tawaye, wato tsohon sunan Tailan ke nan. Siyam ta ci shi, ta rushe birninsa, ta kwashe ɗimbin jama'a ta tsallakar da su zuwa wannan gefen kogin, suka haɗu da 'yan'uwansu da suka riga su zama a can. A 1893 Faransa ta tilasta wa Siyam ta sakar mata gabashin Mekong. Daga nan kalmar Lao ta zama abin tsoro ga fadar Bankok, domin idan Faransa ta ce ita ce uwar gijiyar duk wani mutumin Lao, to rabin arewacin Siyam na iya tafiya.

Maganin da fada ta samo na alƙalami ne. A 1899 Yarima Sanphasitthiprasong, wakilin sarki a Ubon, ya ba da umarnin cewa a duk takardar ƙidaya, gurbin ƙabila a rubuta Tai kawai, kada wanda ya ƙara rubuta Lao ko Khmer. An cire kalmar Lao daga sunayen yankunan mulki, a 1900 kuma sunan Isan ya shigo, kalma ce ta aro daga tsohon harshen Indiya da ke nufin arewa maso gabas. Jama'ar da ake kira da sunan kakanninsu sai aka koma kiransu da sunan kusurwa, kusurwar ma daga Bankok aka auna ta. Dokar ilimin dole ta 1921 ta kawo makarantu masu koyarwa da harshen Bankok, tsofaffin haruffan da mutanen yankin ke rubutu da su a kan ganyen giginya suka ja da baya.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, shi ya sa wannan labari ya taɓa ni ta wani gefe na daban. Duk wanda ya taɓa tsara fom ya san cewa abin da ba ya cikin jerin zaɓi ba zai taɓa shiga ma'ajiyar bayanai ba, abin da bai shiga ma'ajiya ba kuwa, ba zai fito a rahoto ba. Har yau, a jerin alamomin harsunan duniya da muke aiki da shi, harshen Laos yana da lao, na Bankok yana da tha, na mutanen Isan kuwa an ba shi tts, da suna mai ma'anar Tai na arewa maso gabas. Hukuncin da wani yarima ya yanke shekara fiye da 120 da suka wuce yana nan zaune a cikin wayar da ke hannunka.

Littafin da ya tuhumi sama

Luk Isan labarin wani yaro ne, Koon, a wani ƙauye da fari ya addaba a shekarun 1930. Ruwa ya ƙi zuwa, maƙwabta suna ta ɗaure kaya suna ƙaura, mahaifinsa kuwa ya zaɓi zama. Babu wani mugu a labarin, babu ƙulli mai sarƙaƙiya. Babi-babi ne na neman abin sawa a baki: kamun kwaɗi, farautar ƙadangaru, ɗiban ƙwan tururuwa daga kan bishiya, tono ƙwari. Babban abin da ya faru a littafin shi ne tafiyar da wasu iyalai suka yi a kekunan shanu zuwa kogin Chi, don su kama kifi su cusa shi a tuluna da gishiri, ya zama abin da suke kira pla daek, wanda yake musu a girki kamar yadda daddawa take mana a miya.

Ƙarfin littafin a nan yake, kuma ba ƙarami ba ne. Kampoon ya rubuta sanin da talaka ke da shi da irin girmamawar da ake yi wa ilimin malamai. Yana gaya maka yadda ake gane ramin da ke da abu a ciki, yadda ake gyara nama, abin da ake haɗa shi da shi, wanda ake fara ba wa. Abincin da mutumin Bankok ke yi wa ɗan Isan dariya a kansa, shi Kampoon ya shimfiɗa a faifai ba tare da jin kunya ba. Mahaifin Koon yana cikin uban da ba na mantawa da su a adabi: ba ya wa'azi mai tsawo, a wajen aiki yake koya wa ɗansa mutunci. Akwai kuma raha, akwai 'yan kasuwa, Basine da 'yan Biyetnam, masu kishin juna a kan ciniki, akwai sufin Buda mai kula da yara a makarantar haikali. Da aka mai da littafin fim a 1982, da harshen Isan 'yan wasan suka yi magana, sai da aka sa fassara a ƙasan allo don masu kallo na Bankok. Ga mutanen da aka saba nuna su a fim a matsayin barori da wawaye, wannan babban abu ne.

Sai dai a lura da idon da aka ba mu mu yi kallo da shi. Idon yaro ne, yaro kuwa abin da ke gabansa yake gani. Yana ganin sama ba gajimare, yana ganin rijiya ta ƙafe. Ba ya ganin wanda ya raba kasafin kuɗi, ba ya ganin inda aka gina madatsar ruwa da inda aka ƙi ginawa. Hukuma tana can nesa, da ƙyar take leƙowa. A duniyar Koon, fari ƙaddara ce, maganinta haƙuri da dabara da taimakon juna.

Shekarun da labarin ya faru a cikinsu kuwa ba na shiru ba ne. A 1932 aka kawo ƙarshen mulkin sarki mai cikakken iko, aka kafa majalisa, 'yan majalisar Isan na farko suka shahara da ƙorafin cewa an yi watsi da yankinsu. A watan Maris na 1949 aka bindige tsofaffin ministoci huɗu suna hannun 'yan sanda, uku daga cikinsu wakilan Isan ne: Thong-in Phuriphat na Ubon, Thawin Udon na Roi Et, da Chamlong Daoruang na Maha Sarakham. A 1952 aka kashe Tiang Sirikhan na Sakon Nakhon. A 1961 Firayim Minista Sarit Thanarat ya sa aka harbe Khrong Chandawong, tsohon malamin makaranta kuma tsohon ɗan majalisa, ba tare da shari'a ba. Zargin da ake yawan jingina wa irin waɗannan mutane shi ne gurguzu da neman ɓalle yankin. Kampoon ya rayu cikin duk wannan, ya kuma rubuta littafinsa a lokacin da ake yaƙin sunƙuru a dazuzzukan Isan. Zaɓar idon yaro ɗan ƙauye ya ba shi damar ya faɗi gaskiya a kan yunwa ba tare da ya taka sawun kowa ba. Ban ce da gangan ya yi don ya faranta wa hukuma ba, ƙuruciyarsa ce ya rubuta. Amma littafin da ya ɗora laifi a kan gajimare, kowace gwamnati za ta iya sa shi a manhajar karatu hankalinta kwance.

Littafin da ya tuhumi ofis

Khamsing ya riga shi da shekara 18. A 1958 ya fitar da tarin gajerun labarai mai suna Fa Bo Kan, ma'anarsa kusan a ce sama ba ta yin shamaki. Tun daga bango aka fara rigima. Kalmar bo, mai kore magana, ta Lao ce, mutumin Bankok mai zai ce. Sunan alƙalamin da ya sa wa kansa kuwa Lao Khamhom, ga kalmar da aka hana rubutawa a fom ta dawo a kan bangon littafi. A watan Oktoban shekarar Sarit ya ƙwace cikakken iko, aka shiga kamen marubuta da 'yan jarida, Khamsing ya koma noma a Pak Chong.

Labarinsa da ya fi shahara shi ne na kwaɗo mai ƙafar zinariya. Wani manomi, Nak, mai 'ya'ya biyar, ya fita da yaransa neman kwaɗi a busasshiyar gona, irin neman da Koon da mahaifinsa ke yi. Ɗansa ya sa hannu a rami, kumurci ya sare shi. Ranar kuma ita ce ranar da gwamnati ke raba bat 200 ga duk mai 'ya'ya biyar ko fiye, kuma dole mutum ya je ofishin gunduma da kansa. Aka matsa masa ya tafi, ya bar yaron a hannun masu magani. A ofis ya yi zaman jira a ƙasa, jami'in ya yi masa ba'a a kan yawan haihuwa. Da ya dawo da yamma maƙwabta suka tare shi suna taya shi murnar sa'a, har ya ɗauka yaron ya tashi. Ashe sa'ar da suke nufi ita ce ya karɓi kuɗin kafin yaron ya cika, don da an ƙara kwana ɗaya da 'ya'yansa sun koma huɗu.

Labarin bai fi 'yan shafuka ba, amma dubi abin da ya yi. Gonar ɗaya ce da ta Luk Isan, farin ɗaya, kwaɗin ma ɗaya. Abin da Khamsing ya ƙara shi ne hanyar da ta tashi daga gona zuwa ofis. Maciji ne ya kashe yaron, wannan ba laifin kowa ba ne. Amma abin da ya raba uba da ɗansa a ranar ƙarshe, da abin da ya koya wa maƙwabta su lissafa mutuwa da kuɗi, ƙa'idar wani tsari ce da wani ya zauna ya rubuta: biyar ko fiye, a zo da kai, yau kaɗai. Na sha rubuta irin wannan sharaɗi a cikin manhaja, layi ɗaya ne, ba ya ɗaukar minti guda. Ban taɓa karanta abin da ya nuna mini nauyin layin nan kamar wannan labari ba.

A wani labarin, gwamnati na ta kawo dabbobin iri daga Amurka don inganta na gida, sai wata tsohuwa ta ga wani Ba'amurke, ta ɗauka shi ma an kawo shi ne don a inganta irin mutane. Dariya ce a sama, a ƙasa kuwa tambaya ce mai ɗaci: idan duk abin da kake da shi an ce maka mara kyau ne sai an canja, yaushe za a zo kanka? Ga mutanen da aka canja wa suna da harshen karatu da haruffa, tsohuwar ba ta yi wauta sosai ba.

Inda kowannensu ya gaza

Kada a ɗauka na zo in naɗa wa Khamsing rawani in tuɓe na Kampoon. Idan aka zo maganar mutane masu jini da tsoka, Kampoon ya fi shi nesa ba kusa ba. Bayan ka rufe Luk Isan kana jin ka san gidan su Koon, ka san muryar uwarsa. Mutanen Khamsing kuwa sau da yawa an gina su ne don su ɗauki darasi ɗaya su kai shi ƙarshen labari. Nak yana ba ka tausayi, amma ba ka san abin da yake so ba in ban da ɗansa ya rayu. Kana ji a jikinka cewa ɗan birni ake yi wa magana, ana nuna masa ƙauye don kunya ta kama shi.

Akwai kuma haɗari a salon zambo. A labarin da aka sa wa fassarar Turancin sunansa, wani tsohon sufi da ya zama mashayi ya tsaya takarar majalisa kusan da wasa, ya ci zaɓe, daga baya ya ɓace. Khamsing 'yan siyasar ƙarya yake yi wa dariya, da zaɓen da aka mai da wasan yara a ƙarƙashin sojoji. Amma mai karatun da ya riga ya raina talaka zai iya fita da wani darasin: ka gani, ƙauyawa ba su san abin da suke zaɓa ba. Zambo wuƙa ce, wanda ya ɗauka shi ke yanka da ita.

Gazawar da suka yi tarayya a kai ita ce ta harshe. Dukansu da harshen Bankok suka yi rubutu, suna yayyafa kalmomin gida kamar gishiri. Ba su da wata hanya, makaranta ba ta koya wa kowa karanta Lao ba, masu buga littafi da masu saye kuma suna Bankok. Amma sakamakon shi ne manyan littattafan Isan biyu suna magana a kan mutanen Isan da muryar da Nak zai ji a ofishin gunduma, ba wadda zai ji a gidansa ba.

Abin da ya biyo baya

Dalilin da ya sa na ga wannan bambanci ya wuce gardamar masu sharhi shi ne abin da ya faru daga 2001. A shekarar Thaksin Shinawatra ya ci zaɓe, da goyon baya mai ƙarfi daga Isan da arewa. Gwamnatinsa ta kawo tsarin ganin likita da bat 30, da asusun bat miliyan ɗaya ga kowane ƙauye. Ana iya faɗin abubuwa da yawa a kan Thaksin, attajiri ne da aka tuhuma da cin hanci, yaƙinsa da miyagun ƙwayoyi kuma ya ci rayuka masu yawa. Amma mutanen Isan sun gano cewa yawansu ƙarfi ne a akwatin zaɓe. Sojoji suka kifar da shi a 2006, jam'iyyun da ke tare da shi suka ci gaba da cin zaɓe, kotu da sojoji suka ci gaba da rushe su, har zuwa juyin mulkin 2014 da ya kawar da gwamnatin da ƙanwarsa Yingluck ta kafa.

A 2010 masu jajayen riguna, da yawansu 'yan Isan, suka mamaye tsakiyar Bankok suna neman a yi sabon zaɓe. Kusan mutum 90 suka mutu kafin a watse, aka kuma ƙona ofisoshin larduna a Khon Kaen, Udon Thani, Ubon Ratchathani da Mukdahan. Zagin da wasu 'yan birni suka fi yi musu shi ne ɓauna, dabbar noma da ake ja da igiya a hanci. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, waɗannan 'yan birni sun tashi a ƙasar da ke alfahari da Luk Isan. Suna cin abincin Isan, suna jin kiɗan molam na yankin. Ɗan Isan mai haƙuri, mai dabarar kama kwaɗo, abin so ne. Ɗan Isan da ya taso daga gona ya nufo ofis yana tambaya, shi ne ba a shirya masa wurin zama ba. Kampoon ya koya wa ƙasar ta ƙaunaci na farko. Na biyun kuwa Khamsing ne ya fara bin sawunsa, tun yana zaune a ƙasa a gaban teburin jami'i bai iya ɗaga murya ba.

A 1992 aka naɗa Khamsing gwarzon ƙasa a fannin adabi, shekara 16 bayan an haramta shi. Ana iya cewa gaskiya ce ta yi halinta, ana kuma iya cewa hukuma ta jira har wuƙar ta daina ba ta tsoro sannan ta rataye ta a bango. Ni dai na gwada kaifin, yana nan.

Shawarata ga mai son karanta su ita ce ya fara da Luk Isan, ya bi shi a hankali, babi ɗaya a dare, har ya saba da gidan su Koon ya san abin da kwaɗo guda yake nufi ga tukunyarsu. Sannan ya ɗauki labarin Nak, wanda ba zai ci masa minti goma ba. Idan ya riga ya san yaron da ke sa hannu a rami, ba zai karanta adadin bat 200 ɗin nan kamar lamba kawai ba.